Kayan da Ya Kamata Ku Bari a Gida Kafin Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu shirin tafiyarsu ta farko a jirgin ruwan shaƙatawa ita ce me za su ɗauka. Na daɗe ina amsa ta, har na lura cewa waɗanda suka dawo da ƙorafi ba kasafai suke kukan mantuwa ba. Kukansu shi ne an tsare musu akwati a tasha, ko an karɓe musu wani abu, ko kuma sun kwashe mako guda suna tuntuɓe da kayan da ba su ko buɗe ba. Saboda haka wannan jagorar ta bi ta ɗaya gefen, wato abin da ya kamata ya zauna a gida. Za a tace kayan ne sau uku: abin da jirgin ya hana, abin da ƙasashen da za a yada zango suka hana, sai kuma abin da jirgin ya riga ya tanada. Kayan aikin ba su da yawa: gado ko shimfiɗar da za a baje kaya, kwali ɗaya na abin da aka cire, da ƙaramin sikelin hannu na auna akwati.

Mataki na 1: Karanta jerin haramtattun kaya

Mako biyu kafin tafiya, ku nemi jerin kayan da kamfanin jirginku ya hana, ku karanta shi daga farko har ƙarshe, ku kuma ajiye shi a waya. Kowane kamfani da nasa jerin, kuma ana sauya shi lokaci zuwa lokaci, don haka abin da wani ya shiga da shi bara a jirgin wani kamfani ba hujja ba ce a wurin jami'in da zai duba kayanku bana. Ku haɗa da jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, domin za a buƙace shi a mataki na biyar.

Mataki na 2: Zazzage akwatin kafin ku zuba komai

Ku buɗe kowane aljihu da kowane zif na akwati da jakar hannu, ku kifa su, ku girgiza, ku sa hannu ku laluba ƙarƙashin shafin ciki. Mutane suna raina wannan mataki, alhali shi ne ya fi tsada idan aka tsallake shi. A shekarar 2024 an kama Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka ce sun manta da su a jakunkunansu, kuma ɗaya daga cikinsu fasinjan jirgin ruwan shaƙatawa ne da ya sauka na yini guda. A lokacin, dokar tsibiran ta tanadi ɗaurin shekara 12 mafi ƙaranci a kan wannan laifi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Gargaɗi: jakar da aka taɓa zuwa farauta ko wani aikin tsaro da ita, da jakar aro, kada su shiga wannan tafiya sai an bincike su sau biyu. Haka kuma a cire wuƙar aljihu da duk wani abu mai kaifi. Manyan kamfanoni irin su Carnival da Royal Caribbean sun sa iyakar tsawon kaifin almakashi a inci 4, wato kimanin santimita 10, kuma bindigar wasan yara ma tana cikin abin da ake karɓewa.

Mataki na 3: Cire duk abin da ke yin zafi ko ci da wuta

A nan ne mafi yawan akwatuna suke maƙalewa. Wanda bai san teku ba yana tsammanin ruwa ne babban abin tsoron ma'aikatan jirgi, amma gobara ce, domin idan ta tashi a tsakiyar teku babu motar kashe wuta da za a kira, kuma babu wajen da dubban mutane za su fita su tsaya. A watan Maris na 2006 wuta ta tashi a barandar wani ɗaki na jirgin Star Princess yana kan hanyarsa ta zuwa Jamaika, ta bi barandu ta cinye ɗakuna masu yawa, fasinja ɗaya ya rasu, kuma masu bincike sun fi zargin guntun taba sigari da aka yar. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin tsananin dokar ba.

Abubuwan da za su koma kwali a wannan mataki su ne dutsen guga kowane iri, har da ɗan ƙaramin na matafiya, da na'urar guga mai tururi, da butar lantarki, da hitar da ake tsomawa a ruwa, da rishon lantarki, da tukunyar dafa shinkafa, da na'urar haɗa kofi, da bargo mai ɗumama kansa. Haka nan kyandir, da turaren wuta da kaskonsa da gawayinsa, da tukunyar shisha, da man fetur ko gas na cika laita, da kayan wasan wuta. Ba a duba ƙanƙantar abu, ana duba ko yana da ƙarfen da ke yin ja ko harshen wuta. Ni kaina na taɓa sa ɗan dutsen guga da bai fi tafin hannu ba a ƙasan akwati, ina ganin ba za a lura ba, sai ga shi har bayan cin abincin dare akwatina bai iso ɗaki ba, sai wata takarda da ke kirana zuwa ɗakin jami'an tsaro a can ƙasan jirgi.

To, yaya za a yi da tufafin da suka yamutse? Kamfanoni irin su Princess, Cunard da Disney suna da ɗakunan wanki na fasinjoji a yawancin jiragensu, inda akwai dutsen guga mai kashe kansa. Royal Caribbean ba shi da irin wannan ɗaki, sai dai a ba ma'aikata su goge a biya kuɗin kowace riga. Hanya mara kuɗi ita ce a rataye rigar a banɗaki yayin wanka da ruwan zafi, tururin zai sassauta ta. Ruwan zafi na shayi kuwa ana samunsa a ɗakin cin abinci kusan kowane lokaci, ko a sa a kawo ɗaki.

A kula: na'urar miƙar da gashi da ta naɗe shi suna cikin 'yan abubuwa masu zafi da akasarin kamfanoni suka yarda da su, da sharaɗin a cire su daga soket da zarar an gama.

Mataki na 4: Tace wayoyin wuta da na'urori

Ɗakunan tsofaffin jirage ba su da soket da yawa, wani lokaci biyu ne kawai a kan tebur, ɗaya mai ƙarfin volt 110 ɗaya mai 220, shi ya sa mutane suke ɗauko doguwar wayar ƙari mai bakuna da yawa. Wadda ke da kariya daga hauhawar ƙarfin wuta ita ce ake fara karɓewa, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. A gida, layi ɗaya ne ke ɗauke da wuta, ɗayan yana haɗe da ƙasa, kuma an ƙera na'urar ne ta yanke wannan layi ɗayan idan matsala ta auku. A jirgin ruwa layukan biyu duka suna ɗauke da wuta, saboda haka ko ta yanke ɗaya, ɗayan zai ci gaba da kawo wuta har ta yi zafi ta kama. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi kan wannan a 2013, bayan gobara biyu a ɗakunan wani jirgin dakon kaya. Ku juya bayan wayar ku duba: idan an rubuta kalmar "surge" ko wata lamba tare da "joules", gida za ta zauna.

Ko wadda ba ta da wannan kariya ba a ko'ina ake yarda da ita ba, domin tun 2024 Royal Caribbean ya hana na'urar da ke raba soket ɗaya zuwa da yawa. Abin da ya fi tsira a kusan dukkan jirage shi ne kan caja guda mai ramukan USB huɗu ko biyar, wanda ba shi da tsada kuma ya ishi wayoyin iyali. Wanda yake kwana da na'urar taimakon numfashi kada ya ɗauko wayarsa ta gida, ya sanar da kamfanin makonni kafin tafiya, yawancinsu suna ba da wayar ƙari da suka amince da ita.

Sauran na'urorin da za a bari sun haɗa da wayar tauraron ɗan'adam, da na'urar rarraba intanet, da rediyon sadarwa mai dogon zango, da tocilan mai hasken laser, da allon lantarki mai taya biyu da yara ke hawa. Carnival ya hana sifika kowace iri, har da 'yar ƙarama ta Bluetooth. Ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto kuwa, kamfanonin Norwegian da Disney ba sa barin a shiga da shi, Carnival da Royal Caribbean suna bari amma sai a tudu za a tashe shi, sannan ƙasashe irin su Maroko da Masar suna karɓe shi daga hannun baƙon da ba shi da izini. A ra'ayina wahalarsa ta fi hotonsa.

Mataki na 5: Gwada kayanku da dokar kowace tasha

Yanzu ku ɗauko jerin tashoshin nan ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya bambanta wannan tafiya da zama a otal shi ne a cikin mako guda mutum yana iya shiga ƙarƙashin dokokin ƙasashe huɗu ko biyar, kuma izinin jirgi ba ya kare kowa da zarar ya taka ƙasa.

Tufafi masu dabbare-dabbare irin na sojoji su ne misalin da ya fi ba mutane mamaki. A Barbados, Jamaika, Tirinidad da Tobago da wasu tsibiran yankin Karebiyan, laifi ne farar hula ya sa su, kuma dokar ta shafi hula, gajeren wando, jaka, har da kayan yara. Idan tafiyar ta yankin ce, kada ko ɗaya ya shiga akwati.

Tabar wiwi da duk abin da aka sarrafa daga gare ta, ko mai ne ko alewa ko man shafawa, haramun ne a jiragen manyan kamfanoni, ko da halal ce a garin da jirgin ya tashi, ko da kuwa akwai takardar likita. Ana amfani da karnuka masu sansano ta a wasu tashoshi, kuma hukuncin yana kaiwa ga sauke mutum ba tare da mayar masa da kuɗinsa ba. Sigarin lantarki ma yana da nasa haɗarin: mallakarsa kaɗai laifi ne a Singafo, kuma Tailan da Indiya sun hana shigo da shi.

Magani shi ne wurin da ake buƙatar natsuwa, domin a nan ba a cewa a bar komai. Maganin da likita ya ɗora ku a kai dole ne ya tafi, a cikin kwalinsa na asali mai suna, tare da takardar likita, da ƙarin na 'yan kwanaki ko da tafiya za ta yi jinkiri. Abin da za a bari shi ne ƙwayoyin da aka juye a leda ko kwalba marar suna, da maganin da aka rubuta wa wani. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana buƙatar izini tun kafin isowa ga magunguna irin su kodin da tiramadol, Japan kuma ta hana wasu magungunan mura masu sinadarin pseudoephedrine da ake sayarwa ba tare da takarda ba a wasu ƙasashe.

A kula: ku karanta bayan man kariya daga zafin rana. Ƙasar Falau da ke tekun Pasifik ta hana mai ɗauke da sinadaran oxybenzone da octinoxate tun 2020 saboda illarsu ga murjanin teku, kuma tana iya karɓe shi daga hannun baƙi, jihar Hawayi ta Amurka kuma ta hana sayar da shi tun 2021.

Mataki na 6: Abinci da abin sha

Kuɗin tikiti ya riga ya haɗa da abinci safe, rana da dare, don haka guzuri nauyi ne kawai. Dafaffen abincin gida, ɗanyen nama, 'ya'yan itatuwa da duk abin da ke lalacewa ba sa wuce ƙofa. Abin da ake bari shi ne busasshen abu da ke cikin ledarsa ta kamfani ba a buɗe ba, da abincin jarirai. Mai larurar da ta hana shi cin wasu abubuwa ya sanar da kamfanin tun lokacin sayen tikiti, sun saba da wannan.

A kan abin sha kamfanoni sun sha bamban. Carnival yana barin kowane fasinja ya shiga da gwangwani 12 na lemo ko ruwa a jakar hannu, amma ba ya karɓar na kwalba. Royal Caribbean yana barin 12 ga kowane ɗaki. Norwegian ba ya barin ko ɗaya, sai ruwan da ake buƙata don na'urar lafiya ko madarar jariri. Barasa mai ƙarfi da giya yawanci ana karɓe su a ƙofa, wasu kamfanoni kuma zubar da su suke yi ba tare da biyan diyya ba.

Gargaɗi: dokar abinci tana aiki a wajen fita ma. Tuffa ɗaya da aka ɗauko daga teburin karin kumallo aka jefa a jaka tana iya jawo tara nan take a Ostareliya ko Niyu Zilan, inda ake tsananta kare gonaki daga cututtukan waje.

Mataki na 7: Cire abin da jirgi ya riga ya tanada

Daga nan kuma maganar wuri ce. Ɗaki na talakawan fasinjoji yakan kasance murabba'in mita 14 zuwa 17, a ciki har da banɗaki, kuma wurin ajiye akwati shi ne ƙarƙashin gado, don haka akwatin da ya cika kauri zai kwana a tsakar ɗaki har ƙarshen tafiya. Tawul na wanka da na bakin ruwa, sabulu, sabulun wanke gashi, na'urar busar da gashi, hanga, matashi, bargo da rigar ceto duk suna nan suna jiranku. Tawul shi ne ya fi cin wuri a akwati a banza. Abin lura kawai shi ne a mayar da na bakin ruwa, domin wasu kamfanoni suna cajin kimanin dala 25 a kan wanda ya ɓata. Manyan kwalaben man shafawa a juye su a ƙanana, littattafai kuma ɗaya ko biyu sun isa.

Mataki na 8: Rage tufafi da takalma

Ku baje tufafin a kan gado, ku ware na kowace rana gwargwadon abin da za a yi a ranar. Duk rigar da ba ta sami rana ba, wadda dalilin ɗaukarta shi ne "ko da za a buƙata", ta koma durowa. Takalma uku sun isa: mai daɗin tafiya don yawo a tasha, silifas marar santsi don gefen wurin ninƙaya, da na fita cin abincin dare. Sabon takalmin da ba a taɓa sawa ba, da mai tsinin dunduniya, ba su dace da benen da ke motsi kuma yake yawan jiƙewa ba.

Kafin ku ɗauki kwat ko doguwar rigar biki, ku duba al'adar kamfanin. Cunard yana da dararen da ake tsananta shigar ƙawa, Norwegian kuwa ba ya tilasta wa kowa, yawancin sauran suna tsakani. Abu ɗaya da nake roƙon kada a cire shi ne rigar sanyi mara nauyi, ko da tafiyar ta ƙasashe masu zafi ce, saboda sanyin na'ura a ɗakunan cin abinci da iskar dare a saman jirgi.

Mataki na 9: Kuɗi da kayan ado

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin da ke buɗe ɗakinku shi ne kuma ake saye da shi, a cire jimillar daga katin banki a ƙarshe. Tsabar da ake buƙata ita ce 'yar kaɗan ta ƙananan takardu don motar haya da tukwici a tasha. Gwal mai tsada, agogon gado da duk abin da ba a iya maye gurbinsa su zauna a gida, domin akwatin ajiyar ɗaki ƙarami ne, kuma yarjejeniyar tikiti takan taƙaita abin da kamfani zai biya idan kaya sun ɓata zuwa ɗan kuɗi kaɗan. Ku rage katunan da ke cikin walat zuwa biyu, a ajiye su a wurare daban-daban.

Mataki na 10: Raba kayan, auna, sannan a rufe

Idan za ku hau jirgin sama kafin ku isa tashar ruwa, dokarsa ce ta fi matsi, inda akwati ɗaya a ƙaramin aji yawanci kilo 23 ne, ƙarin nauyi kuma da kuɗinsa. Ku auna da sikelin hannu, ku bar sararin kilo biyu ko uku don tsarabar dawowa. Batirin ajiyar caji ba ya shiga babban akwati a jirgin sama, a jakar hannu yake tafiya.

A tashar ruwa za ku miƙa babban akwati ga masu ɗaukar kaya, a wuce da shi ta na'urar haska kaya, kuma ba zai iso ƙofar ɗakinku ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci sai dare. Saboda haka fasfo, takardun shiga jirgi, magani, caja da kayan sauyi ɗaya su kasance a jakar hannu. Kuskuren da ya fi muni a nan shi ne barin fasfo a akwatin da aka riga aka miƙa, domin ba za a bar mutum ya shiga ba sai da shi, kuma nemo akwati ɗaya cikin dubbai ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan jakar hannu za ta sake amfani a daren ƙarshe, lokacin da ake fitar da manyan akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, a bar kayan da za a sa da safe kawai.

Idan duk da haka akwatinku bai iso ba, sai takarda ko kiran waya, ku tafi ɗakin tsaro da katin ɗakinku da mabuɗin akwatin. A gabanku za a buɗe shi, a cire abin, a ba ku rasit. Kayan da haɗarin wuta ne kawai matsalarsu, kamar dutsen guga ko wayar ƙari, akan mayar da su ranar sauka a wani tebur kusa da ƙofar fita, kuma da wannan rasit ɗin ake karɓa, don haka ku sa shi cikin fasfo tun a ranar.